'Yar jiniyar aljihu ga dattawa: saye ba shi ne wuya ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da masu kula da iyaye tsofaffi a nan Jos, musamman waɗanda iyayensu ke fita sallar asuba cikin duhu, ko suke zuwa Terminus da Farin Gada cefane su kaɗai. 'Ya'ya da yawa sun fara saya musu 'yar jiniyar nan da ba ta fi kwalin ashana girma ba. Dabara ce mai kyau. Wuƙa ko sanda a hannun ɗan shekara 75 ƙwacewa ake yi a juya ta kansa, ita kuwa jiniya mutane take kira, kuma ɓarawo ba abin da ya tsana kamar idon jama'a. Sai dai akasari ana miƙa wa tsoho ita a kwalinta, shi ke nan.

Iri biyu ne a kasuwa: mai madanni da mai fil ɗin da ake zarewa. Ga wanda yatsunsa ke da sanyin ƙashi ko hannunsa ke rawa, mai fil ta fi, domin fizga ɗaya take buƙata, kuma ba ta yin shiru sai an mayar da fil ɗin. A zura igiya mai kauri a zoben fil ɗin yadda yatsu biyu za su shiga.

Kwali kan ce ƙararta desibel 120 zuwa 130 ne (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Kada lambar ta ruɗe mu. Duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara na raguwa da kusan desibel 6, ke nan wadda ta kai 120 a mita 1 ta koma 96 a mita 16, a fili ma ke nan, babu katanga, babu janareton maƙwabci. Cikin jaka da aka zuge, ko ƙarƙashin suwaita da babbar riga a sanyin Disamba, an riga an shaƙe ta. Ƙarar tana fita ne ta wani ɗan rami da ke saman faifan tagulla siriri. Tafin hannu kawai ya isa ya danne ta.

Saboda haka wurin rataya shi ne babbar magana. Idan fargabar fizgen jaka ce, a maƙala jiniyar a wajen jakar Hajiya, a ɗaure igiyar fil a wuyan hannunta. Mai fizge ya ja, fil ya fita, ya tafi da jiniyar tana kuka a hannunsa. Idan kuwa faɗuwa a banɗaki ake tsoro, wanda a ganinmu ya fi ɓarawo yawan aukuwa, to jiniyar ta zauna a jiki, a ƙugu ko a bakin aljihun gaba, har lokacin wanka a rataye ta ƙasa-ƙasa inda wanda ke kwance zai iya kai hannu. Kada a sa ta a wuya da igiya mai ƙarfi: ana iya shaƙe mutum da ita, kuma ƙarar tana dab da kunne.

Sai batir. Yawancinsu ƙananan batura uku suke ci, masu lamba LR44, kowane bolt 1.5. Sanyin Jos na rage musu ƙarfi, kuma in sun daɗe sukan yi yoyo su bar farin gari a kan ƙarfen da ke ciki. A goge shi da auduga da ɗigon lemun tsami, a bari ya bushe sarai. A canja ukun gaba ɗaya, duk shekara, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. Kowane wata a gwada na daƙiƙa 2 a tsakar gida, hannu a miƙe nesa da kunne. Da ƙarar ta fara dishewa, batir ya tafi. Jiniya mai caji kuwa matsalarta mantuwa da yi mata caji ce. A ɗora wa jika ɗaya wannan aikin.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne rashin sanar da maƙwabta. Wanda bai san ƙarar ba zai ɗauka ta mota ce, ya gyara kwanciya. A kunna musu su ji, a tsayar da wanda zai leƙo da wanda zai kira lambar gaggawa ta 112, a kuma faɗa wa ladan da 'yan sintirin unguwa. Shi kuma Baba a sa ya zare fil ɗin da hannunsa sau uku ko huɗu har ya saba, a gaya masa in ta kai ga haka ya saki jakar, ya nufi inda ke da haske.

A hana jikoki wasa da ita. In fil ya ɓace tana tsaka da kuka, ba ta yin shiru sai an kwance murfi an cire batir, don haka a ajiye ƙaramin sukundireba a inda kowa ya sani.

Daga wasu masu gyaran kayan lantarki, Jos.