Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025, da labarin maik ɗin ofis

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, Ma'aji, da 'yan uwa maza da mata na nan Birnin Kebbi da waɗanda ke bin mu daga Jega da Argungu, barkanmu da ganin ƙarshen wagga shekara. Sakatarenku ne, kuma kamar bara rahoton ya makara, a yi min afuwa.

Bari in fara da mai sauƙi. Zaman wata-wata ya gudana, in ban da cikin azumi da munka ɗage, da wani na tsakiyar damina da ruwa ya hana kowa fita. Aikin sa wa mutane Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, a kwamfutocinsu shi ne ya fi na bara yawa, kuma dalili a fili yake, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 masu tsofaffin injina 'yan Beljiyam da Windows 11 ta ƙi karɓa sunka dinga sallama, wasu masu shagon buga takardu ne wasu ɗalibai. Yawanci Linux Mint 22 muka sa masu, masu ɗan ƙarfin inji kuma Ubuntu 24.04, duka biyun ire-iren Linux ne. Tafiyar Yauri da munka yi alkawari ba a yi ta ba, kuɗin mota bai haɗu ba, Ma'aji zai yi bayanin wannan da kansa in ya karanta nashi.

To yanzu abin da ya ci mana rabin shekara, wato maik ɗin kwamfutar tebur ta ofis. Kun san shawarar da anka yanke tun farkon shekara, cewa za mu riƙa naɗar karatun Malam da manhajar naɗar sauti ta Audacity, mu kuma ba da muryoyinmu a Common Voice na Mozilla, shafin da ke tara muryoyin mutane don a koya wa kwamfuta gane magana, tunda akwai Hausa a ciki kuma muna son a ji irin harshenmu na yamma ba na Kano kaɗai ba. Ranar farko anka taru, Malam ya gyara zama ya yi bisimilla, aka danna jan maɓalli, layi ya miƙe sambal kamar titin Kalgo, ko ɗigon motsi babu. Sifika na magana lafiya lau, maik kuwa shiru.

Abin da munka yi daga nan shi ne nake jin kunyar rubutawa amma dole in rubuta. Sau biyu muna goge injin gaba ɗaya muna sake sa tsarin, na farko da Ubuntu na biyu da Mint, har wani daga cikinmu yac ce ai dama Linux ba ta san maik ba a maida Windows kowa ya huta, kuma wallahi a ranar ban da bakin ba shi amsa. Data ta tafi, fayilolin rajistar membobi ma da ƙyar munka tsamo su daga wani filash. Maik bai ce uffan ba.

Wata ƙanwarmu ɗaliba ce, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta zare wayar ta ɗaga ta saitin taga ta ce yaya ku ƙirga zoben nan. Baƙin zobe uku ne a bakin, ƙarfen ya rabu gida huɗu, ashe abin da muke cusawa a ramin nan mai ruwan hoda iyafis ne irin na wayar hannu, wanda kunne da maik suka haɗu a baki ɗaya. Ita kuwa kwamfutar tebur irin tamu ramukanta a rabe suke, kore na sifika, ruwan hoda na maik, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura, kuma ramin maik ɗin baki mai zobe biyu yake jira. Gidan da maik yake a bakin iyafis ba ya ma taɓa inda ya kamata. Maganinsa 'yar waya ce mai raba baki ɗaya zuwa biyu, kore da ruwan hoda, masu kayan waya na Babbar Kasuwa na da ita. Mu manya da muke ta buga umarni a tamina, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, duk munka yi tsit.

Sai dai ba nan ta ƙare ba, don da anka sayo mai rabawar anka sa a ramin gaba, shiru dai. Anka zagaya baya anka sa, nan ma shiru, amma shirun kala biyu ne, daga baya munka gane. Na gaban, da munka kwance murfin injin, igiyar da ke tahowa daga ramukan gaba wadda anka rubuta wa HD AUDIO tana nan tana lilo, ba a ma soke ta a madabod ba, wato babban allon cikin injin, ƙila tun wurin wanda ya yi wa injin wanka kafin ya sayar. Ƙura kam ba a magana, ta hunturun shekara nawa ce Allah kaɗai ya sani. Munka hure munka soke ta.

Na bayan kuwa laifin saiti ne, kuma a nan nake so kowa ya natsu don shi za ku fi haɗuwa da shi. Sauti a Linux hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ALSA da ke magana da ƙarfen kai tsaye, a samanta akwai mai rarraba sautin ga manhajoji, da can PulseAudio ne, yanzu PipeWire ya karɓe, Fedora 34, wata irin Linux, ta fara a 2021, Ubuntu ta bi daga 22.10, Mint kuma daga 22. Shi ya sa wanda ke kan Ubuntu 22.04 da wanda ke kan 24.04 ba kullum magani ɗaya ke yi masu ba, kuma shi ya sa kwafo umarni daga intanet ba tare da duba shekararsa ba ya ƙara dagula mana lissafi. Munka buga arecord -l, katin sauti ya fito a jeri, kenan injin ya san da shi. Munka shiga alsamixer, wurin saita sautin ALSA, F6 munka zaɓi katin, F4 munka koma ɓangaren ɗauka, sai ga Capture da 'yan layuka a ƙasansa alamar a kashe yake. Taɓa dogon maɓallin tazara sau ɗaya, jan rubutu ya bayyana. Gefe kuma Input Source na kan Line, wato injin na kasa kunne a shuɗin rami mu muna ta ihu a ruwan hoda. Munka maida shi Rear Mic.

Saura ɗaya. A manhajar saita sauti ta pavucontrol, shafin Configuration, katin na kan Analog Stereo Output, fitarwa kawai ba shigarwa, munka juya shi zuwa Analog Stereo Duplex. Nan take sandar nan ta shafin Input Devices ta fara rawa. Malam Shugaba da kansa ya matso ya ce "gwaji, gwaji, ana ji na?" munka naɗa da arecord -d 5 gwaji.wav munka saurara da aplay, muryarsa ta fito har da kukan akuyar maƙwabta. An yi kabbara a ofis ranar kamar an ga wata. Kada a manta da sudo alsactl store, umarnin da ke adana saitin, bayan an gyara, mu mun manta, washegari anka kunna inji Capture ya koma gidan jiya.

Wani tarko da ya kama mutum biyu cikinmu: a jerin na'urorin ɗauka akwai mai suna Monitor of, wannan ba maik ba ne, abin da sifika ke fitarwa yake naɗa. In ka zaɓe shi sai ka yi awa guda kana karatu ka tarar da fayil fanko. Haka ma burauza, in ka taɓa danna hana ta maik sau ɗaya to Common Voice ba zai ji ka ba sai ka koma gefen adireshi ka buɗe izinin. Masu abin kunne na Bluetooth kuma, in yana kan yanayin saurare na A2DP sauti mai daɗi ne amma ba maik, sai an maida shi yanayin Headset, shi kuma muryar ta zama kamar ta kiran waya, don haka ba mu yarda a naɗi karatu da shi ba.

Abin da har yanzu ba mu ci ƙarfinsa ba shi ne gurnani. In anka ɗauke wuta anka tada janareta sai wani "huuum" ya shiga ƙarƙashin murya, kuma da munka ƙure Mic Boost don muryar ta fito sai shuuu ya ƙaru a kai. Mun rage shi zuwa matakin farko, Malam na matso da baki kusa, Noise Reduction na Audacity na share saura amma in anka matsa mishi muryar Malam sai ta koma kamar daga cikin randa. Mai gyaran wuta da ya duba yac ce soket ɗin ofis ba shi da wayar ƙasa sam. A laftof kan batir da caja a cire kuwa tsaf take fita, wanda ni a ganina ya gaskata shi. Kwamiti na neman amincewarku a kafa ƙarfen ƙasa a kuma sayi maik na USB guda, shi wannan da katin sautinsa yake zuwa, kana sokawa ka buga lsusb ka gan shi.

Doka ɗaya kwamiti ya kafa daga wanga lamari, kuma ni na kawo ta don ni na fara cewa a goge: daga yau ba mai goge injin kowa saboda maik sai ya gwada maik ɗin a wata na'ura, ya ƙirga zobe, ya gwada gaba da baya, sannan ya shiga alsamixer da pavucontrol. Ƙanwar tamu kuma mun roƙe ta ta jagoranci zaman farko na sabuwar shekara a kan sauti, ta ce sai ta tambayi gida, muna jira. Kowa ya taho da iyafis ɗinsa da duk maik ɗin da ya jefar a kwali yana zaton ya mutu.

Sannan dan Allah wanda ya ari 'yar waya mai rabawar nan ta ofis tun bayan Babbar Sallah ya maido ta, mun san ko wane ne, Ma'aji ya ce ba zai fitar da kuɗin sayen sabuwa ba.

Wassalam,
Sakatare.