Ba Likita Kaɗai Ke Aikin Ƙwaƙwalwa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana. Duk gidan da ka leƙa lokacin neman gurbin jami'a burin ɗaya ne, a ce ɗansu likita ne. In bai samu ba, aka ba shi fannin ilimin halayyar ɗan Adam, sai gida ya yi tsit kamar an yi rashi. Da kunnena na ji wata uwa tana ce wa 'yarta, "To ke yanzu me za ki zama? Mai hira da mahaukata?" Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, kuma a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na yi mafi yawan aikina, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

Akwai wata mata, Brenda Milner, da aka haifa a Manchester ta Ingila a 1918. Lissafi ta je karantawa a Jami'ar Cambridge, ta ga ba za ta yi fice a ciki ba, ta koma ilimin halayya. A 1944 ta bi mijinta Kanada, ta yi digirin digirgir a Jami'ar McGill a 1952 a hannun Donald Hebb. Ba likita ba ce, ba ta taɓa riƙe wuƙar tiyata ba. Aikinta a cibiyar ƙwaƙwalwa ta Montreal shi ne ta zauna da masu farfaɗiya da Dokta Wilder Penfield ke wa tiyata, ta gwada tunaninsu da takarda da fensir kafin aikin da bayansa, ta ga me ya canza.

A 1953 wani likita a Hartford ta Amurka, William Scoville, ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 tiyata saboda farfaɗiyar da ta hana shi sakat. Ya cire masa wani yanki na can cikin ƙwaƙwalwa daura da kunnuwa, dama da hagu, har da mafi yawan sashen da ake kira hifokamfus. Faɗuwar ta ragu ƙwarai. Amma daga ranar saurayin bai ƙara riƙe sabon abu ba. Ya san sunansa, ya tuna ƙuruciyarsa, hankalinsa garau, hira da shi daɗi. Ka fita ka dawo, bai san ka ba. Ni dai har gobe ina ganin likitan ya yi ganganci, amma wannan zance ne na daban. A takardun bincike H.M. kawai ake kiransa, sai bayan mutuwarsa a 2008 aka bayyana cewa sunansa Henry Molaison.

Milner ta riƙa hawa jirgin ƙasa daga Montreal tana zuwa wurinsa, kuma duk zuwa sai ta sake gabatar da kanta. Ta taɓa ba shi lamba 584 ta ce ya riƙe. Ya riƙe ta wajen minti 15 yana ta jujjuya ta a ransa, amma da aka ɗauke hankalinsa, lambar ta tafi, har ma bai san an ba shi wata lamba ba. Sai ta kawo gwajin da ya fi ba ni sha'awa. Tauraro ne mai tsini biyar a kan takarda, an zana shi da layi biyu, ana so ya bi tsakaninsu da fensir, amma an kare hannunsa, ta madubi kawai yake ganinsa. Wanda ke shakka ya gwada a gida: ka nufi dama, hannu ya yi hagu. Ranar farko ya yi ta fita layi. Kwana uku ana maimaitawa, kurakuran suna raguwa, har ya zo yana bi sumul. Kuma kowace safiya cewa yake bai taɓa ganin wannan abu ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

Kafin nan masana da yawa sun ɗauka tunawa a warwatse take a duk faɗin ƙwaƙwalwa. Rahoton da Milner da Scoville suka fitar a 1957, da gwajin tauraron da ya biyo baya, su suka nuna cewa ajiye sabon abin da ya faru yana da wurinsa, koyon aikin hannu kuma hanyarsa daban. Likitoci suka daina cire wannan yanki ta ɓangare biyu, aka kuma riƙa gwada tunanin mara lafiya kafin a taɓa ko ɗaya. Ɗalibarta Suzanne Corkin ta ci gaba da bibiyar Molaison har ƙarshen ransa. Ita kuwa Milner ta sami lambar yabo ta Kavli kan binciken ƙwaƙwalwa a 2014, kuma har ta kai shekara 100 tana da ofis a cibiyar.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon labari shi ne farfaɗiyar nan tana cike da unguwanninmu. Har yau in yaro ya faɗi sai a watse, wai yawunsa na yaɗa cutar, wani ya ce iska ce, wani ya cusa masa cokali a baki, alhali kwantar da shi ta gefe ake yi, a kawar da abin da zai ji masa rauni. In Allah ya sa aka kawo shi asibiti, likita ya rubuta magani, faɗuwa ta tsaya, a kati sai a rubuta an samu sauƙi. Sai uwar ta ja ni gefe ta ce, "Sista, ya daina faɗuwa, amma fa ba ya riƙe karatu. Hadda ma ta gagara, malam sai dukansa yake." Shin cutar ce ta taɓa shi? Maganin ne, tunda finobabiton, maganin farfaɗiya, yana sa barci da nauyin kai? Ko tsoro da tsangwamar yara ne? Kowanne maganinsa daban, kuma ba a rarrabe su a minti biyar ɗin da likita ke da shi ga layi har bakin ƙofa. Aikin wanda ya karanci halayya ne, ya ƙware a gwajin ƙwaƙwalwa, ya zauna da yaron awa biyu. A inda na yi aiki ba mu da wanda za mu tura wa. Haka abin yake ga mai shanyewar ɓarin jiki da magana ta rikice masa, da ɗan acaɓan da ya bugu a ka, ya warke, amma matarsa ta ce ba mutumin da ta sani ba ne.

Sannan ko an sami masanin, yawancin gwaje-gwajen da Turanci aka tsara su, don mutanen da suka yi boko. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, ka ce ta zana agogo, in ta kasa ka ce ta ruɗe? Ai sai ɗan gida, mai jin Hausa, wanda zai yi shekaru yana tsara gwajin da ya dace da mu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zama da mara lafiya, mutum ke zama.

Roƙona, Malam Edita, a shafinku na lafiya ku nemo masu wannan aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri, ku tambaye su me suka karanta, shekara nawa ya ɗauke su, me suke yi daga safe zuwa tashi, da kuma nawa ake biyansu, don iyaye ba za su fasa tambayar wannan ba.

Na gode. Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kaduna.