Kalmar sirri ba ta hana a kashe maka Wi-Fi

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali? Shirun ya isa haka. Na san za ka ce aiki ne, kullum aiki, sai ka ce kai kaɗai Allah ya ɗora wa.

Maganar na'urorin Wi-Fi ɗinka da ke yanke wa mutane ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce kalmar sirrinka doguwa ce. To, ba nan gizo ke saƙar ba. Na'ura tana karanta wasu saƙonni tun kafin ta tambayi kowa kalmar sirri, kuma a nan ake yi mata illa.

Dubi hostapd, manhajar da ke tafiyar da Wi-Fi a cikin na'urori da yawa. A 2015 an gano cewa daga siga 0.5.5 zuwa 2.4 ba ta auna tsawon saƙon WMM, wato tsarin fifita murya da bidiyo a Wi-Fi, kafin ta yi ragi. A turo mata guntun saƙo, lissafi ya faɗa ƙasa da sifiri, ya juye ya zama ƙatuwar lamba, ta karanta abin da ba hurumin ta ba, ta mutu. Kowa ya rasa intanet. An toshe wannan a 2.5. Wani kuskuren da aka gano a 2012 ma ɗan uwansa ne, a gutsattsarin saƙon EAP-TLS, wata hanyar tantance mai shiga, ƙaryar tsawo ake yi mata.

Af, har yanzu kana da kwamfutar nan mai ƙarar injin niƙa? Kowa ya haƙura da kai.

Ɗaya matsalar ba kuskuren manhaja ba ce, tsarin ne haka. Saƙon kora, wanda na'ura ke aika wa waya don ta cire ta daga Wi-Fi, ba shi da hatimi, kowa na iya ƙirƙirarsa da adireshin na'urarka ya fatattaki wayoyi. Maganinsa 802.11w na 2009, tsarin da ke sa wa saƙon hatimi, wanda ƙa'idar tsaron Wi-Fi ta WPA3 ta wajabta. Sa ieee80211w=2 a saitin hostapd. In tsofaffin wayoyi sun ƙi shiga, koma 1, amma su ɗin ba su da kariya. Shi ma 802.11w an samu hanyar zagaye shi a 2019, sai ka kai hostapd siga 2.10.

Fara da hostapd -v ka ga sigarka, sannan ka karanta rajistar da manhajar ke rubuta abin da ya faru. In manhajar tana mutuwa tana tashi, matsalar farko ce. In tana raye wayoyi na fita a tare, kora ce. Mai toshe zangon rediyo da hayaniya kuwa, sabuntawa ba ta maganinsa, sai ka nemo shi da ƙafa.

Wai da gaske ango ya fasa tafiyar? Ba ni labari, kada ka rage komai.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum.