A kira mai famfo tun kafin a zuba siminti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan abin da ba a son ambatonsa a gaban tuwo, wato masai. Ni mai aikin famfo ne a Kano, shekarata 22 a sana'ar, kuma rabin kiran da nake samu na banɗaki ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani aiki da na yi a watan jiya, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Wani Alhaji ne ya buga mini waya bayan sallar asuba. Sabon gida ne a wajen Ɗorayi, ko shekara ba a yi da tarewa ba, amma banɗaki uku duk sun toshe, ƙazanta na dawowa ta magudanar wurin wanka. Ina isa ya ce, "Malam, zura wayar nan taku kawai, ai aikin minti goma ne." Na zura, ya buɗe, kwana huɗu ya sake kira. Na ce, "Alhaji, ina cambar gidan nan?" wato ɗan ramin nan mai murfi da ake bari a kan hanyar bututu don a riƙa dubawa. Ya ce shi bai san da wani rami ba. Na ce wa ya shimfiɗa bututun? Ya ce birkila, don lokacin da ake zubin daɓe an ga ba sai an ɗauko wani an ƙara kashe kuɗi ba.

Dole muka fasa tayil tun daga ƙofar banɗaki har tsakar gida, Hajiya na tsaye tana salati. Bututun da muka tarar inci 3 ne, mara kauri, an kwantar da shi ba gangara, wani wurin ma ya ɗan yi sama, ga lanƙwasa biyu masu kaifi. Bambancin kuɗin wannan bututu da na ƙwarai a kasuwar Ƙofar Ruwa bai kai kuɗin tayil ɗin da muka farfasa a wannan rana ba.

Ba na zagin birkiloli, kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni ma in ka ba ni bulo in ɗora, katangar karkacewa za ta yi. Amma bututun masai yana da ƙa'ida. Inci 4 ake sawa, a ba shi gangara kamar santimita 2 a kowace mita. In gangarar ta gaza, ƙazanta ta zauna. A bar camba a duk inda bututu ya juya. A kuma fitar da bututun iska har ya wuce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro. Gidan da ka ji masansa na ƙugi in an kora ruwa, ko wari ya ƙi barin banɗaki duk wankin da ake yi, sau da yawa wannan bututun iskar ne babu, sai iska ta zuƙe ɗan ruwan nan da ke tsaye a wuyan masai, wanda shi ne ke tare warin sokawe, wato ramin da ƙazantar gida ke taruwa. Duk waɗannan abubuwa kafin a zuba siminti ake yanke su. Da zarar daɓe ya bushe, sai guduma.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce babba a garin nan. Masai na zaune an ƙera shi ne don gidan da famfo ke zuba. Kora ɗaya tana cin lita 6 a sabon ƙira, tsofaffin kuwa lita 9 ko fiye. Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 kora huɗu ke nan ta ƙare. To gidan mutum goma da ke sayen ruwa a kura, wa zai iya? Sai ka ga an zuba buta ɗaya an fito. Ido ya ga kwanon ya yi fes, alhali abin yana nan kwance a cikin bututu, yau kaɗan gobe kaɗan har ya daskare. Shi ya sa nake gaya wa masu gida, in ba ka da rijiyar burtsatse da tankin sama, sa na tsugunno, wanda lita biyu zuwa uku ke korawa. Da yawa sai su ɓata rai, wai ƙauyanci ne, baƙi za su raina su. Ni dai na shiga banɗakin manyan gidaje da ba na iya numfashi a ciki, na kuma shiga na tsugunno a gidan haya da za ka iya ajiye sallaya a bakin ƙofarsa. In akwai tsoho mai ciwon gwiwa a gida, a yi masa na zaune guda ɗaya a ajiye masa bokiti, wannan uzuri ne.

Masu burtsatsen kuma tasu matsalar daban. Tankin sama ya cika da magariba, da safe babu ko ɗigo, sai a hau yara da faɗa, wani ma ya zargi maƙwabci. Galibi robar da ke gindin ƙaramin tankin masai ce ta mutu, ruwa na silalewa dare da rana ba ƙara. A ɗiga ɗan shuɗin wanki a cikin tankin, a jira kwata ɗin awa ba a kora ba. In launin ya bayyana a kwano, robar ce, kuma kuɗinta bai kai na man janareton da ake ƙonawa wajen cika tankin ba.

Abin da nake zaƙulowa daga bututu kuwa, ba na faɗa duka a jarida ba. Ledar fiya wata, tsumma, burushi, cokalin shayi, ƙaramin dutse da wani baƙo ya yi tsarki da shi. Amma kan gaba famfas na yara da audugar mata. Waɗannan an yi su ne don su sha ruwa su kumbura, ba sa narkewa. Na daina ganin laifin iyayenmu mata a kan wannan tun da wata dattijuwa ta ce da ni, "Ɗan nan, to ina za su kai? A bola yara su tona, ko wani mugu ya ɗauka?" Kunya ce da tsoro. Maigida ya sayi bokiti mai murfi ya ajiye a banɗaki, a ware wurin ƙonawa ko binnewa, ya fi masa tsayawa tsakar gida yana ɗaga murya a gaban mai gyara.

Kuma don Allah, wanda ya riga ya zuba asid ko soda a masai kafin ya kira mu, ya faɗa. Yaron aikina har yanzu da tabo a hannunsa saboda wani ya yi shiru. Asid da soda ba sa narkar da leda, suna dai kashe ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta a cikin sokawe, sai ramin ya cika da wuri. Haka nan kar a tura yaro cikin sokawe don waya ta faɗa ko don a rage kuɗin motar kwasa. Iskar da ke ciki tana kayar da ƙato kafin ya yi ihu, mai shiga ceto shi ma ya bi shi, kuma tana kama wuta in an haska ashana.

Abu na ƙarshe ya fi ƙarfin gida ɗaya. Masana lafiya na cewa a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Fulotin da yawancinmu ke ginawa ƙafa 50 ne kowane gefe, wajen mita 15 ke nan. Ko ka kai sokawenka ƙarshen fili, na maƙwabcinka na iya zama jingine da rijiyarka, katanga ce kawai a tsakani, ita kuwa ƙasa ba ruwanta da katanga. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin inda ta fi tsanani. Na ji daɗi da gwamnatin tarayya ta fito da shirin hana bahaya a fili a 2019, na kuma taya Jigawa murna da ta zama jiha ta farko da aka ce ta kai ga haka a 2022. Amma ƙirga yawan masai bai isa ba in ramin na tsiyaya cikin ruwan sha. Da can duba-gari na shiga gida-gida. Ina roƙon hukumomin tsara birane su riƙa tambayar inda sokawe zai zauna kafin su sa hannu a takardar gini, masu unguwanni kuma su riƙa haɗa maƙwabta kafin a fara haƙa.

Alhajin nan na Ɗorayi ya biya ni yana mita. Shekaranjiya sai ga kiransa, wai zai fara ginin ɗansa a Rijiyar Zaki, in zo kafin a tona harsashi. Na ce masa to, amma ya gayyato maƙwabcin da ke bayansa, zan taho da tef.

Naka,
Mai aikin famfo, Kano.