Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Tarwatsa Zaman Sulhun Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci da Mai Unguwarmu,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ɗora ka a kan maƙiyanka. Bayan gaisuwa da biyayya irin ta ɗa ga mahaifinsa, mu talakawanka, dattawa da iyaye mata da matasan wannan unguwa, muna neman afuwa tun kafin mu fara. Mun rubuta takardar nan ne zukatanmu na ƙuna, idan harshe ya zarce a wani wuri, a yi mana uzuri irin na wanda aka daka kuma aka hana shi kuka.

Ranka ya daɗe, ranar Asabar da ta wuce bayan sallar La'asar mun taru a filin makarantar firamaren unguwa, kamar yadda muka saba yi sau ɗaya a wata. An shimfiɗa tabarmi, an jera bencina saboda tsofaffi, mata suna gefe guda a gindin darbejiya. Limamanmu biyu suna nan, na Ɗariƙa da na Izala, a tabarma ɗaya. Maƙwabtanmu Kiristoci masu shaguna a bakin titi sun turo wakilinsu. Magana biyu ce a gabanmu: sasanta samarin layin gabas da na layin yamma da suka sari juna da Sallah, sai kuma shagunan da ke sayar wa 'ya'yanmu ƙwaya da sunan kemis.

Wata baiwar Allah ce ke magana, uwar da aka daɓa wa ɗanta wuƙa bara saboda wayar hannu, ya cika kafin a kai shi asibiti. Tana cewa ta yafe, burinta kawai kada wata uwa ta ɗanɗana abin da ta ɗanɗana. Ba ta rufe baki ba muka ji ihu daga bakin ƙofa. Samari ne riƙe da gora da adda da barandami, idanu jajur. Suka fasa lasifika, suka kifar da bencina, suka bi mata da gudu har wata mai tsohon ciki ta faɗa kwata. Malamin Islamiyyarmu ya ɗaga hannu yana cewa ku ji tsoron Allah, suka sare shi a hannun. Babban limaminmu, dattijon da ya raɗa wa rabin yaran unguwar nan suna, mun ga rawaninsa a ƙasa ana takawa. Allah ya taimake ka, wannan ne abin da ya hana mu barci har yau.

Kuma ba baƙi ba ne. Wasunsu mun san iyayensu, mun san soron da suke kwana. Mun ga motar da ta sauke su ta koma ta jira a bayan makaranta. Yaron da ba shi da kuɗin koko da safe ba shi zai ɗauki hayar mota ba. Akwai wanda zamanmu ya tsone wa ido tun ranar da muka fara ambaton masu sayar da ƙwaya, kuma in an so sanin ko wane ne, ba zai ɗauki wuni guda ba.

Jami'an tsaro sun iso bayan Magariba, maharan sun daɗe da watsewa. Matasanmu uku suka tarar suna tattara bencina, su suka kama, wai mun yi taro ba izini. An bar jaki ana dukan taiki. Yau kwanansu biyar a tsare, ba a kai su kotu ba, kuma an faɗa wa iyayensu su zo da kuɗi in suna son beli, alhali kullum ana shelar cewa beli kyauta ne. Ɗaya daga cikinsu shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa da tuƙin Adaidaita Sahu, mai mashin ɗin har ya karɓe makullinsa. Ranar Litinin kuma muka wayi gari an garƙame ƙofar filin da sabon kwaɗo, mai gadi ya ce umarni ne daga sama. Wane sama, ranka ya daɗe? Mun tambaya a wurare uku, kowa ya ce ba shi ba ne.

Mu ba masana shari'a ba ne, amma cikinmu akwai waɗanda suka karanta. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin taro cikin lumana. A shekarar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, kuma a cikin birnin Kano ba a rasa kotu. Duk da haka ba mu taɓa zama a ɓoye ba. Kowane wata muna kai takardar sanarwa, ana buga mana hatimi, kwafinta na hannun Mai Unguwa.

An ce wai siyasa muke yi. Wallahi a kan tabarmar nan akwai ɗan kowace jam'iyya, akwai wanda bai taɓa yankar katin zaɓe ba. Idan cewa a daina sayar wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu tiramol siyasa ce, to mun amsa. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma da safe kwalabensa muke sharewa a bayan masallaci. Kuma wannan suna na 'yan tayar da zaune tsaye ba yau aka fara liƙa wa talaka shi a garin nan ba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, haka aka riƙa kiran mutanenta, aka ɗaure na ɗaurewa. Yau filin jirgin saman Kano sunan jagoran NEPU, Malam Aminu Kano, yake amsawa, gidansa na Mambayya a Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, Allah ya ja zamaninka. Mun kawo ne don a tuna cewa talaka ya zauna ya faɗi damuwarsa ba baƙon abu ba ne a Kano.

Dattawanmu kuma ba labari aka ba su ba. Sun ga Maitatsine a 'Yan Awaki a Disambar 1980, sun ga rikicin 1991, sun ga na 2004, dukanmu mun ga harin Boko Haram na Juma'ar 20 ga Janairun 2012. Akwai tsoho a cikinmu da ya ɓoye maƙwabcinsa Kirista da iyalinsa a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa. Shi ne ya fara cewa a riƙa zama tun wuta ba ta kama ba. Daga wannan zama muka sasanta rigingimun gado da na magudanar ruwa, muka yi karo-karo muka mayar da marayu makaranta, muka sa wasu samari sun ajiye makami sun kama koyon walda da ɗinki. Waɗannan samari yanzu suna tambayarmu amfanin ajiye makamin, tunda wanda ya riƙe nasa yana yawo, wanda ya ɗauki benci yana kulle. Ba mu da amsar da za mu ba su, kuma muna jin raɗe-raɗin ramuwa. Da ƙyar muke riƙe su.

Ba wannan ne kukanmu na farko ba. Mun rubuta, mun sake rubutawa, mun je ƙafa da ƙafa, an ce mu dawo Litinin, an ce ana dubawa, an ce a yi haƙuri har bayan azumi, har bayan zaɓe. Mu kanmu mun daina ƙirga takardun.

Don haka muke durƙusawa a gabanka, uban ƙasa. Muna roƙon ka sa baki a sako yaran nan uku ba tare da an karɓi ko sisi ba, in kuwa suna da laifi a kai su gaban alƙali kowa ya ji. Muna roƙon a kamo waɗanda suka sari malaminmu, da wanda ya turo su, domin kama yaran kaɗai ba zai kashe maganar ba. A buɗe mana filinmu. A turo hukumar da ke da alhaki ta binciki shagunan nan ɗaya bayan ɗaya, a kuma kare waɗanda suka ba da shaida, don tuni aka fara jifan gidan uwar nan da dare. Kuɗin asibitin malam mu muke haɗawa, amma hakkin jininsa yana wuyan wasu. Kuma don Allah, ranka ya daɗe, yaran nan uku, kada su sake kwana a can.

Idan filin ba zai buɗu da wuri ba, muna neman alfarmar ka ba mu ƙofar gidanka mu yi zaman wata mai zuwa a inuwarka, ka zauna ka ji da kunnenka. Ba mu jin akwai mai ɗaga gora a nan.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da imani, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar da Kano lafiya. Sa hannunmu da dangwalen yatsun iyayenmu mata suna haɗe da wannan takarda.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai, iyaye mata da matasan unguwa.