A Ba Binciken Sikila Da Zazzaɓin Cizon Sauro Fili A Jarida

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ku ware shafi domin labaran binciken lafiya, musamman kan sikila da zazzaɓin cizon sauro, don cututtukan nan biyu suna da alaƙar da mutane da yawa ba su sani ba.

A 1954 wani masanin kimiyya, Anthony Allison, ya nuna cewa masu jinin AS sun fi masu AA jure wa mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa gadon sikila ya yawaita a inda sauro ya yi katutu: garkuwa ce ga wanda ya gaji S guda (AS), azaba ce ga yaron da ya gaji biyu (SS), daga uwa da uba. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk wannan ciwon ƙashi da ƙarancin jini daga sauyin sinadari ɗaya tak yake tasowa a cikin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a jini.

Masana sinadarai ma sun yi aiki. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga wani nau'in tazargade, ta samu kyautar Nobel a 2015. Maganin hydroxyurea kuwa, wanda ake ba masu sikila, yana ƙara himogulobin irin na ɗan tayi, sai jajayen ƙwayoyin jini su rage lanƙwashewa, ciwon ya rage tashi. Iyaye da dama ba su taɓa jin sunansa ba, abin yana damuna ƙwarai. Don Allah ku gayyato likitocin jini su yi wa jama'a bayaninsa dalla-dalla.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku kullum