Zuwa ga Edita: Tirelar kwanan daji, mai murfi ko mai tamfol?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga birnin Perth a yammacin Ostareliya, na daɗe a nan da iyalina, kuma ina roƙon ka ɗan ba ni fili saboda 'yan uwanmu Hausawa da ke zaune a wannan ƙasa, don na ga da yawa cikinmu sun fara sha'awar abin da mutanen nan suka saba da shi, wato a ɗaura tirela a bayan mota lokacin hutun makaranta a nufi daji ko bakin teku a yi kwanaki can. Abu ne mai kyau wlh, yara suna ganin ikon Allah su huta da waya, amma a wata biyun nan mutum uku suka kira ni da tambaya ɗaya, wace iri za su saya, kuma ɗaya daga cikinsu har ya riga ya ci bashin banki kafin ya tambaya, shi ne abin ya dame ni na ce bari in rubuto.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tirela ce ƙarama mai taya biyu da tanti a naɗe a kanta, da katifa, da ɗan kicin da ake jawowa kamar durowa, da tankin ruwa a ƙasa. Iri biyu ne. Akwai wadda ni nake ce wa mai tamfol, ita tantinta ake warewa ta gefe ya sauko har ƙasa, daɓen ɗakin tamfol ne mai kauri da ke kwance kan turɓaya kai tsaye, sai a kafa sanduna a buga turaku a ɗaure igiyoyi. Sai mai murfi, wadda murfinta mai ƙarfi ne ake juyawa, ko da hannu ko a murɗa shi da ɗan winci, yana juyawa yana jawo tantin ya miƙe da kansa. Idan ta baya yake buɗewa murfin ne zai zama daɓen da za ka taka, a ɗage daga ƙasa kan ƙafafu, idan kuma ta gaba yake buɗewa sai ya zama gado, cikin tirelar ya zama ɗan falo da kujeru.

Mu mai tamfol muka saya, ta hannu, kuma dalilinmu yara huɗu. Har gobe ban yi nadama ba amma sai da ta koya min abin da mai sayarwa bai faɗa min ba.

Tafiyarmu ta farko mai nisa garin Exmouth da ke bakin teku can arewa muka je a hutun watan Yuli, kusan kilomita 1,250 daga Perth, muka raba ta zango uku, Geraldton, Carnarvon, sannan can. To a nan ne matsalar take. A wannan jiha ta Yammacin Ostareliya in kana jan tirela doka ba ta yarda ka wuce kilomita 100 a awa ba, kuma duk wanda ya san hanyar arewa zai ce maka kada magariba ta same ka a kan titi saboda kangaru, da zarar rana ta yi sanyi suke fitowa su tsallaka hanya, ga shi lokacin sanyi ne rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe shida. Ka ga kenan dole ka isa masauki da la'asar, kuma kana isa a gajiye maimakon ka zauna sai ka hau share ƙasa, tsince duwatsu, shimfiɗa raga, ware tanti, sanduna, turaku, igiya, ni da uwargida da babban ɗana sai mu kwashe kusan awa guda in har da rumfar gefe, ƙananan suna kukan yunwa, sallar la'asar na neman kufcewa. Da safe kuma a sake kwance komai a naɗe, raɓa ta jiƙa zanen ya yi nauyi. Kwana uku a jere muna wannan, ranar ta uku a gefenmu wani dattijo da matarsa suka iso da mai murfi, ina kallo wlh ban gama buga turakun gefe ɗaya ba sun buɗe sun ɗora shayi. A wannan yammacin da wani ya ce in musanya da na musanya.

Amma da muka isa Cape Range, gandun dajin da ke gefen Exmouth, muka kafa sau ɗaya muka zauna kwana takwas, sai lissafin ya juya gaba ɗaya. Ɗakinmu ya yi faɗi, yara huɗu kowa da shimfiɗarsa, ga rumfar gefe da muka rufe da bango ta zama ɗaki na biyu, nan muke jam'in salla mu shida ba wanda ya takura, nan uwargida take zama ta cire mayafi ta sha iska ba idon kowa, kuma wannan maganar sutura ba ƙaramar magana ba ce a wajenmu, mutanen da suka ƙera tirelolin nan ba su yi tunaninta ba, kai ne za ka yi wa iyalinka. Mai murfi mai buɗewa ta baya daɓenta bai wuce tsawon tirelar ba, yara biyu in an matsa za su kwanta, huɗu kam sai an ƙara mata ɗaki na tanti, kuma da zarar ka fara ƙara ɗaki da sanduna da turaku ai saurin nan da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, ka koma inda mai tamfol yake sai dai kai ka fi shi kashe kuɗi.

Shi ya sa duk wanda ya kira ni tambayar farko da nake masa ita ce yaya kake tafiya. In kai mai tashi ne kullum, yau nan gobe can, kamar mai niyyar ƙetare fakon Nullarbor daga Perth zuwa birnin Adelaide, kusan kilomita 2,700, ko mai son bin Gibb River Road ta yankin Kimberley mai kusan kilomita 660 wadda yawancinta ba kwalta, kuma ku biyu ne ko da yaro ɗaya, to mai murfi ce taka ba ja. In kuwa kai mai zuwa wuri ɗaya ne a kafa a zauna mako, da zuri'a, mai tamfol ta ishe ka har da saura.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro game da ɗan uwan nan da ya ci bashi, don motarsa ƙarama ce ta zuwa aiki. Mai murfi tana da nauyi, da yawansu sun haura tan ɗaya tun ba a zuba komai ba, musamman mai buɗewa ta gaba, sannan ka ƙara ruwa, lita 100 kilo 100 kenan, ga tukunyar gas, batir, firji, buhun shinkafa da naman halal da dole ka taho da shi daga gari don a ƙauyukan hanya da wuya ka samu. A dokar ƙasar nan tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, in ya wuce kilo 2,000 sai da birkin da zai kama da kansa ko da ta tsinke daga mota, kuma in birkin na lantarki ne sai an sa wa motarka na'urar da ke sarrafa shi, wani kuɗin ne daban. Akwai kuma nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar mota, galibi akan ƙiyasta kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar, shi ma a cikin kayan da motarka za ta iya ɗauka ake lissafa shi tare da ku da kuke ciki, to ka sa mutum shida a mota ka ga abin da ya rage. Don Allah kafin mutum ya biya ko sisi ya buɗe littafin motarsa ya ga iyakar abin da za ta ja, ya karanta ɗan farantin ƙarfen da ke jikin tirelar, bayan ya loda kuma ya je ma'aunin manyan motoci a auna masa. Rayukan 'ya'yanka ne a cikin motar nan, kuma in aka yi haɗari aka gano ka wuce ƙa'ida kamfanin inshora na iya ƙin biya.

Ba zan ɓoye aibin mai tamfol ba tunda da ita nake kwana. Daɓenta na hujewa, a nan yamma akwai wata ƙaya mai kama da tsidau da ke kwance a ƙasa, in ba ka shimfiɗa raga ko tsohon tamfol a ƙarƙashi ba sai ta ɓula maka. In aka yi ruwa mai yawa kana jin sa yana gudu a ƙarƙashin ƙafarka, sanyin ƙasa kuma yana ratsowa da asuba. A gandun dajin Karijini da ke arewa ƙasar jan dutse ce, turaku lanƙwashewa suke, sai da na koma amfani da masu zare da ake murɗawa da dirila. Gadonta yana can sama sai da tsani, lokacin da surukata ta zo mana ziyara daga gida ba ta iya hawa ba saboda gwiwa, a ƙasa muka yi mata shimfiɗa, to wanda yake da dattijo a gida ya sa wannan a lissafi. Kuma da yake ta gefe take buɗewa tana son fili mai faɗi, sai ka duba girman wurin tun lokacin da kake kama shi ta intanet. Abin da ta fi mai murfi da shi bayan faɗi da araha shi ne cikinta fanko ne, akwati guda babba, kekunan yara, kujeru, tukwane, duk suna shiga, ita kuwa mai falo kujerun sun cinye wurin.

Abu ɗaya kuma da ba ruwansa da wacce ka saya, zanen tantin. In sabo ne a kafa shi a gida a jiƙa da tiyo a bar shi ya bushe sau biyu ko uku, zaren ya kumbura ya toshe ramukan ɗinki, in ba haka ba ruwan farko zai ɗigo muku. Kuma a duka biyun in aka naɗe, zanen kan katifa yake kwanciya, don haka a rufe katifar da leda, in kuma dole ta sa an naɗe shi da danshi to ana isa gida a buɗe a shanya, kwana kaɗan ya isa ya yi funfuna, kuma warin nan ba ya fita da sauƙi. Mai sayen ta hannu ya ce a kafa masa ita gaba ɗaya a gabansa, ya shiga ciki da rana tsaka ya ga ko haske na shigowa ta wani wuri, ya shinshina, ya gwada kowane zif, ya leƙa ƙarƙashi ya duba tsatsa da walda, ya duba robar bakin murfi don jan ƙurar arewa ta ko'ina take shiga.

Ɗan uwan nan na ce masa ya dakata, akwai masu ba da haya, ya ɗauki mai murfi a ƙarshen mako ɗaya da motar da za ta iya janta, ni kuma zan ara masa tawa a wani makon, ya bar maiɗakinsa ma ta kafa da hannunta ta faɗi ra'ayinta tunda tare za su sha wahalar. Ya amince, mun tsayar da ranar bayan ƙaramar salla in Allah ya kai mu.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
Mai karatu daga Perth, Ostareliya